Jan Ragamar Kasuwanci a Ɗan Gulbi Lokacin da Gobe Ba Ta da Tabbas

Mutum uku nake nufi da wannan bayani. Na farko shi ne wanda 'yan ƙungiyar manoma suka ɗora wa shugabanci, suka danƙa masa makullin mangaza. Na biyu maigidan da ke da yara huɗu ko biyar suna bin kasuwanni suna awon hatsi da wake da sunansa. Ta uku ita ce uwar asusu, wadda mata talatin suka yarda ta riƙe musu magana ranar zubi. Abin da ya haɗa su, dukiyar wasu ce a hannunsu, kuma suna juya ta ne a Ɗan Gulbi, ƙasar Kornaka, cikin gundumar Dakoro, inda farashin tiyar hatsi ke bin umarnin abubuwan da babu ɗan garin da ke da iko da su.

Abubuwan huɗu ne: ruwan sama, da iyakar Najeriya, da naira, da dokar da za a sa wa hannu a Yamai ko Abuja. Duk wanda ya haura shekara hamsin a jihar Maraɗi ya ga aikinsu. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki ta canza launin takardun naira, damanar shekarar kuma ta zo da fari, shi ya sa har yau tsofaffi ke kiran yunwar da 'Yar Buhari. Iyakar ba ta buɗu ba sai 1986. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, hatsi bai ɓace daga kasuwa ba, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. A Agustan 2019 Najeriya ta sake rufe iyaka har Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya rufe ta kuma, ba a ɗage shi ba sai Fabrairun 2024, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta koma aiki a Maris. Mutane ba su gama numfasawa ba, a Oktoban 2024 hukumomin Yamai suka hana fitar da shinkafa da hatsi da dawa da masara da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso.

Ba ɗan kasuwar da ya san ranar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Don haka kada ka ɗauka aikin shugaba shi ne iya canki. Wanda ya yi dace sau biyu a jere har ya fara zaton ilimi ne, shi ya fi kowa haɗari ga dukiyar mutane. Aikinka ka tsara al'amura tun ana zaune lafiya, yadda ranar da cankinka ya kuskure, ranar kuwa tana nan tafe, jari zai ji rauni amma ba zai mutu ba, mutanenka kuma ba za su watse ba.

Raba aiki tun ba a ɗaura kaya ba

Fataken da suka riƙa ɗauko goro daga Gwanja zuwa Kano sun yi sana'a cikin rashin tabbas da ya fi namu, don tafiyarsu ta watanni ce, ta ƙasashen sarakunan da ba su ga maciji da juna. Madugu bai taɓa haɗa dukan aikin a kansa ba. Akwai jagaba, mai shiga gaba ya duba hanya da zango. Akwai uban dawaki, mai daidaita kuɗin wucewa da masu ƙasa, ya tara daga fatake ya biya. Akwai malamin ayari mai rubutu. Madugu shi ke yanke magana, amma da idon wani da lissafin wani yake yanke ta.

Ka yi haka nan. Ka ware mutum ɗaya wanda aikinsa labarin kasuwa ne kawai. Ka ware ma'aji, kuma kada ya zama ɗanka ko ƙanenka ko surukinka, komai gaskiyarsa. Ba don shi ba, don bakin mutane ranar da aka yi asara. Ka ware mai rubutu, ko da boko ko da ajami, muddin wani zai iya karantawa bayansa. Kai kuma hannunka kada ya taɓa akwati. Mata Masu Dubara, tsarin asusun da ƙungiyar CARE ta fara da matan jihar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu ƙasashen duniya, sun daɗe da gane wannan: akwatin na wurin mace ɗaya, makullansa na wurin wasu, ba a buɗe shi sai gaban taro. Maza da yawa masu manyan riguna har yanzu ba su kai wannan wayon ba.

Idan ƙungiya ce, ku yi mata takardu. Dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwa ta OHADA, wadda aka amince da ita a Lome a Disambar 2010, ta yarda mutum biyar su kafa ƙaramar ƙungiya, amma ta wajabta kwamitin gudanarwa da kwamitin sa ido daban. Kada ka cika na biyun da 'yan amshin shata. Ka nemi dattijon nan mai yawan tambaya, wanda kowa ke gudun zama kusa da shi a taro, ka roƙe shi ya shiga.

Zaman da ake yi kafin a yanke hatsi

Wajen ƙarshen Satumba, lokacin da aka fara ganin inda damana ta dosa, ka tara mutanenka zama ɗaya mai tsawo. Ba zaman addu'a da shan fura kaɗai ba ne, ko da yake da su za a fara. Tambayoyi uku za a amsa, a kuma rubuta amsar. Idan shekara ta yi kyau ko'ina, har Najeriya, farashi ya ƙi tashi, me za mu yi da abin da muka saya? Idan ta ɓaci, hatsi ya yi tsada bisashe suka faɗi, me za mu sayar, me za mu riƙe? Idan aka wayi gari an rufe hanyar kudu, wane kaya ne zai maƙale mana, ina za mu kai shi?

Daga amsoshin za ka kasa jari kashi uku. Kashi na farko mai juyawa ne, ana saye ana sayarwa daga kasuwa zuwa kasuwa, ribarsa kaɗan amma tana ciyar da yara tana biyan amalanke. Na biyu shi ne wanda za a kwantar a mangaza jiran bazara. Na uku sefa ne tsaba da ba a taɓawa sai da izinin taro. Shawarata, kada abin da aka kwantar ya wuce rabin jari, kada kuma tsabar ta gaza kuɗin tafiyar da sana'a na wata uku. Za a samu mai cewa kuɗin da ke zaune asara ne. Ka tuna masa Agustan 2023, lokacin da mai tsaba ya sayi abin da ya ga dama a hannun wanda kayansa suka tsaya a bakin iyaka.

Ga wurin da shugabanni da yawa ke ruɗin kansu. Mutum zai ce ya rarraba jarinsa, rabi a wake rabi a raguna. Bai rarraba komai ba. Wake da raguna duk kudu suke kallo, Jibiya da Dawanau da abin da ke bayansu, duk kuma da naira ake sayensu a can. Rana ɗaya za su faɗi tare. An gani a Mayun 2025, ana gab da Layya, da aka hana fitar da bisashe bayan an riga an hana fitar da wake. Rarrabawa ta gaskiya ita ce ka haɗa abubuwan da ba ciwo ɗaya ke kama su ba. Hatsi yana da masu ci a gida, yana kuma da kasuwa a arewa wajen makiyayan Tarka da Bermo, waɗanda dole su sayar da dabba su sayi hatsi. A shekarar fari hatsi na hawa yayin da bisashe ke sauka, a shekarar albarka kuma su juya. Kaba, wadda Gulbin Kaba ya yi suna da ita, ba ta jiran damanar bana kamar yadda wake ke jira, kuma tabarma da igiya ba sa cin ƙwaro a ɗaki cikin wata biyu. Ribarta ba ta sa mutum zuwa Makka, amma tana shigowa a watannin da komai ya tsaya.

Labari

Jagabanka ya samu mutum ɗaya amintacce a kowace kasuwar da ta shafe ku: Kornaka, Dakoro, Sakabal, Maraɗi, da ɗaya a hayin iyaka. Kuɗin katin salula na wannan aiki ya fito daga asusun sana'a, kada a bar shi ga aljihunsa. Abin da zai tambaya ba farashi kaɗai ba ne. Motoci nawa suka yi lodi, ina suka nufa? Manyan masu saye sun fito ko sun noƙe? Jika, wato sefa dubu, nawa take a naira yau wajen 'yan canji? An fara jin ɗuriyar sayar da hatsin gwamnati mai rahusa na OPVN? Wannan na ƙarshe kan sanyaya kasuwa tun buhun farko bai iso gari ba. Ku saurari farashin kasuwanni da hukumar SIMA ke tattarawa ana karantawa a rediyo, amma ku sani labarin makon jiya ne, ma'auni ne na gwada maganar mutanenku, ba abin yin ciniki da shi ba.

Kada ka motsa jari kan maganar mutum ɗaya, balle saƙon murya na WhatsApp da ba a san asalinsa ba. Sai ta zo daga baki biyu da ba su san juna ba. Ka kuma kula da wanda ke ba ka labarin: dillali la'ada yake nema, abin da zai sa ka saya ko ka sayar yau shi zai fi daɗin faɗa.

Farashin da aka faɗa maka daga nesa kuwa ba naka ba ne tukuna. Sai ka cire kuɗin mota, da 'yan dako hawa da sauka, da harajin kasuwa, da abin da ake bari a shingayen hanya, da la'ada, da kwanan yaronka da cinsa, da bambancin tiya, don tiyar wata kasuwa ta fi ta wata ciki. Sau da yawa bayan wannan lissafi sai ka tarar sayarwa a ƙofar mangazarka ta fi.

Naira

Sefa na ɗaure da yuro, 655.957 kowane ɗaya tun 1999. Naira kuwa a sake take. Kafin Yunin 2023 farashin hukuma na wajen naira 460 ne a dalar Amurka. Zuwa Fabrairun 2024 ya haura 1,500. Janye tallafin man fetur da aka yi a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023 shi ma ya taɓa kuɗin mota har nan, tunda a lokacin man da ake sha a ƙauyukanmu da yawansa daga can yake tsallakowa.

Doka ɗaya ce, ka kafa wa duk yaron da ka aika kudu: naira ba ta kwana a hannunsa. A ce ya sayar da bisashe naira 250,000 ranar da jika ɗaya take naira 2,500, wato jika 100 ke nan. Ya tsaya biki ko jiran abokin tafiya, bayan mako jika ta koma 2,700. Abin da ke aljihunsa yanzu bai kai jika 93 ba, ribar tafiyar ta tafi ba tare da ɓarawo ya taɓa shi ba. Ko dai ya canza ta a ranar, ko ya mai da ita kayan da aka riga aka san za su shiga a gida. Faɗuwar naira na cutar mai kai kaya, tana kuma taimakon mai ɗauko kaya. Shugaban da ya shirya tafiya mai kai da kawowa ya ci rabin maganin. Idan za ka ba ɗan hayi kaya bashi, a yanke kuɗin da sefa, a rubuta da sefa. Kuma manyan kuɗi su bi ta gidajen aike irin su Nita da Al Izza da Amana inda suke da reshe, maimakon ɗamarar yaro, musamman yanzu da hanyoyin yankin Madarumfa da Gidan Rumji suka daɗe suna fama da 'yan bindiga.

Ajiya, da lissafin da ya kamata ya riga ta

Ajiya ita ce babbar cacar wannan sana'a, don haka zan daɗe a kanta. Kowa ya san hatsi na araha a kaka, yana tsada daga bazara zuwa tsakiyar damana. Abin da ake mantawa, ba kowace shekara ba. Waɗanda suka cika ɗakuna da tsada a kakar 2024 a arewacin Najeriya, da yawansu sun zuba ido farashi na sauka a 2025 maimakon ya hau.

Fara da ingancin kaya. Kada ka karɓi hatsi mai danshi ko mai yashi don kunyar mai shi. Buhu ɗaya mai laima na ɓata na kusa da shi. A jera buhuna kan itace, nesa da bango, a bar hanyar da mutum zai zagaya ya ƙirga. Wake kuwa a zuba shi cikin buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu ciki da buhun saƙa waje, wanda masanan cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi suka yi aikin gwada shi tare da jami'ar Purdue ta Amurka. Ba ya bukatar magani. Rashin iska ke kashe ƙwaro. Amma sai waken ya bushe sarai, an matse iskar, an ɗaure kowace leda daban, ba a kuma buɗe shi don leƙe. Ledar da ɓera ya huda ta tashi daga aiki.

Idan 'yan ƙungiya na bukatar kuɗi a kaka, warantaj, wato jinginar da amfanin gona, ya fi karyar da shi. Tsarin ya yaɗu a Nijar ta hannun wani shirin FAO tun ƙarshen shekarun 1990. Ana zuba kaya a mangaza, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin ƙungiya ɗaya wurin mai ba da bashi, a ba ku wani kaso na darajar kayan a farashin kaka. Kun biya, a buɗe. Kafin ka sa hannu, ka yi wannan lissafi a gaban kowa. A ce buhu mai tiya 40 yana sefa 20,000 a kaka, aka ba ku kashi 70, wato 14,000. A ce abin da za a ɗora kashi 2 ne a wata, na wata shida: 1,680. Hayar mangaza da buhu da mai gadi da dako, a ce 1,000 kowane buhu. Raguwar tiya ɗaya, 500. Jimla 3,180. Ke nan sai buhu ya kai 23,180, jika 23 da dala 36, kafin a ce ba a ci ba a sha ba. Alƙaluman na misali ne, kai ka sa naku. Amma wannan adadi na ƙarshe, ka sa a rubuta shi da gawayi a bangon mangaza, kowa ya san shi.

Abu biyu ke kashe warantaj. Ɗaya, a ci bashin a biki, ranar biya a rasa, sai a sayar da kayan jinginar da gaggawa. Kafin a raba kuɗi kowa ya faɗi abin da zai juya su a ciki, turka ko man gujiya ko ƙaramin awo. Biyu, jinkirin mai ba da bashi: idan kuɗin ba su fito ba sai Janairu, mabukata sun riga sun karyar da kayansu. Ka fara magana da shi tun Agusta. Game da abin da ake ɗorawa kan bashi kuwa, akwai waɗanda zuciyarsu ba za ta kwanta ba, kuma da hujjarsu. Kada ka yi musu dariya ko dole. Ku kai maganar gaban malamin da kuka yarda da shi, ku tambayi mai kuɗin ko yana da tsarin da ba ruwa, ko ku nemi mai jari a gida ku yi ƙiradi, riba a raba, asarar kuɗi ta mai kuɗi.

Sayarwa ba a yin ta rana ɗaya. Tun a zaman Satumba a yanke: idan buhu ya haura adadin bango da kaza, a sayar da sulusi, ya ƙara kaza, a sayar da wani sulusin, saura kuma, ko ya hau ko bai hau ba, a fitar da shi kafin wata rana da aka ambata, tun sabon hatsi bai leƙo ba. A yanke na faɗuwa ma: idan ya sauka ƙasa da kuɗin saye da kaza, a rage kaya, kada a tsaya jiran ya dawo. Amfanin yanke wannan tun da wuri shi ne, ranar da farashi ke gudu, kwaɗayi ko tsoro ne ke magana a bakin kowa, har da kai. Za a yi shekarar da bayan kun sayar farashi zai ci gaba da hawa, wani ya tare ka a bakin masallaci ya ce, “Shugaba, ka yi mana gaggawa.” Ka nuna masa takardar da ya ɗaga wa hannu, ka ba shi haƙuri, ka wuce.

Ka ware wani kaso na hatsin da za a sayar wa 'yan ƙungiya da maƙwabta tiya-tiya cikin Yuli da Agusta, da sauƙi kan na kasuwa. Malamai sun yi magana mai zafi kan mai ƙulle abinci mutane na yunwa, wannan kaɗai ya isa. Amma ko ta fuskar sana'a, mutumin da ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samu tiyar yau, ba shi da abin da zai kawo maka a kaka.

Mutane

Ranar da aka yi asara, kai za ka fara faɗa, cikin makon, gaban taro, da adadi. Ka ce an yi asarar jika kaza, ga yadda aka yi, ga abin da ya rage, sannan ma'aji ya karanta littafi. Kada ka ce “an ɗan samu matsala.” Idan ka yi shiru, labarin zai fita ta bakin direba ko mai gadi, ya iso dandali ya ninka uku. Kada kuma ka rataya laifin a wuyan yaron da ya bi umarninka.

Yaran da kake aikawa ka ba su iyakar da za su yanke ciniki da kansu: tsakanin kaza da kaza, sayar kada ka kira ni. Yaron da sai ya hau tudu neman layi kafin ya amsa tayi, mai saye ya daɗe da wucewa. Wanda ya yi kuskure cikin iyakar da ka ba shi, ka gyara masa a keɓe. Wanda ya ɓoye kuskure, wannan wata magana ce. Ka kuma sani matasan da ke tafiya ci-rani Najeriya ko Libiya ko wuraren zinariya ba ƙin gida suke ba. Idan kana son mai kai ya zauna, ka ba shi kaso cikin riba, ba ladan yini ba.

Bashi ne ke cin jarin ƙauye fiye da fari. Ɗan'uwa zai zo da dare, da larura ta gaskiya, kai kuma ba za ka iya cewa babu ba alhali ya ga mangaza cike. Maganin shi ne doka ta riga shi zuwa: jimlar bashin da ke waje kada ta wuce kaso kaza na jari, ba a ba kowa sabo sai ya biya tsoho, kowane bashi da rubutu da shaidu biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba wanda zai ce ka ƙirƙiro rashin yarda. Sai ka ce, “Yaya, wannan ba nawa ba ne, na jama'a ne, ga abin da zan iya daga aljihuna.” Ku kuma buɗe ƙaramin asusun taimako daban, don rashin lafiya da rasuwa, yadda tausayi zai samu inda zai ɗiba ba tare da ya shiga jari ba.

Idan doka ta sauya, ko sana'ar kanta ta tsufa

Ranar da aka ji an hana fitar da wani kaya, kada ka saya kada ka sayar sai ka ji ainihin abin da takardar ta ce: wane kaya, daga yaushe, zuwa ina. Ka tambaya a ofishin magajin gari, ko wurin ma'aikacin gona, ko zauren manoma na jiha da ke ƙarƙashin RECA. Kwanakin farko na firgici ne, masu tsaba na sayen kayan masu tsoro. Za a zo maka da tayin barauniyar hanya, babura cikin dare. Da dukiyarka kai kaɗai, kai da hukuma da Ubangijinka. Da dukiyar marayu da zawarawan da suka zuba tiya goma-goma, ba ka da wannan izini, don in aka kama kayan ba ka da abin da za ka faɗa musu.

Wani lokaci kuma ba doka ba ce, kasuwar ce ta ƙaura. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, da gujiya yawancinsu suka tashi, suna saye wa kamfanonin Turawa, daga baya kamfanin SONARA da aka kafa a 1962. Da fari da cuta suka karya gujiya a shekarun 1970, waɗanda suka tsira su ne suka riga suka sa ƙafa a wani wurin: sufuri, da fiton atamfa da taba da shinkafa zuwa Najeriya, da gidaje. Ba rana ɗaya suka yi tsalle ba. Kai ma kowace shekara ka ware ɗan abin da in ya ɓace ba za a yi kuka ba, a ce kashi ɗaya cikin ashirin, ka gwada sabon abu da shi: riɗi, ko irin wake mai saurin nuna, ko tara harawa da dusa a kaka don sayar wa masu turka, tunda Layya na matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, yanzu kuma tana faɗowa ne a ƙarshen rani, lokacin da abincin dabba ya fi tsada. Titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, in ya fara aiki zai sauya kuɗin dako da irin mutanen da za su zo saye. Gara jagabanka ya fara bin labarinsa tun yanzu.

Kafin ruwan shuka, lokacin da kowa zai koma gona ba mai sauraren lissafi, a yi taron shekara. Kwamitin sa ido ya shiga mangaza ya ƙirga buhuna da hannunsa, ya ƙirga tsaba, ya karanta sunayen masu bashi da abin da ke kansu. A ɗauko takardar zaman Satumba a gwada ta da abin da ya faru: wace tambaya ce ba mu yi ba? Daga ribar, a fara cika kason tsaba da aka taɓa, a fitar da zakka in ta kai, sannan a raba. A wannan taron ne kuma za ka ambaci mataimakin da zai riƙe kasuwanni biyu ko uku na damana shi kaɗai, da littafi da lambobin mutanen Kornaka da Maraɗi da hayi, kai kana gonarka, ya kawo rahoto a zaman Satumba mai zuwa.